Katangar Berlin: Yadda wasan da aka tashi canjaras ya fara kwance wa Kasparov rawani

A ranar Lahadi 8 ga watan Oktoban shekarar 2000, a zauren Riverside Studios da ke unguwar Hammersmith a birnin Landan, wasu ƴan Rasha biyu suka zauna suna fuskantar juna, allo mai gidaje 64 a tsakaninsu. Bayan kowa ya yi motsi 25, sai suka miƙa wa juna hannu, aka rubuta canjaras, kowa ya tashi da rabin maki. Wanda ya ga sakamakon a jarida washegari zai ɗauka ba a yi komai ba a ranar. Amma masana wasan ces, wanda masu jin Faransanci suka sani da échecs, har yau suna komawa kan wannan wasa, domin a cikinsa ne aka fara ganin dabarar da ta raba Garry Kasparov da kambun duniya bayan ya riƙe shi shekara 15.

Sarki da yaronsa

A lokacin Kasparov yana da shekara 37. Tun watan Nuwamban 1985, da ya doke Anatoly Karpov yana ɗan shekara 22, babu ɗan Adam da ya iya karɓe kambun daga hannunsa. Ya kare shi sau uku a gaban Karpov, a 1986 da 1987 da 1990, sannan ya lallasa Nigel Short na Ingila a 1993 da Viswanathan Anand na Indiya a 1995. Ko da yake ya ɓata da hukumar wasan ta duniya, FIDE, tun 1993, har hukumar ta riƙa naɗa nata zakaran daban, jama'a sun ci gaba da kallonsa a matsayin sarkin gaskiya. Makinsa a ma'aunin ƙarfin ƴan wasa ya kai 2849, wato ya ba abokin karawarsa tazarar sama da maki 70.

Abokin karawar shi ne Vladimir Kramnik, ɗan shekara 25, haifaffen garin Tuapse da ke bakin Baƙin Teku. Kasparov ya san shi tun yana yaro. Shi ne ma ya tsaya kai da fata aka saka Kramnik cikin tawagar Rasha zuwa gasar ƙasashen duniya ta Manila a 1992, lokacin yaron yana da shekara 16, kuma bai ba shi kunya ba: ya samu maki 8 da rabi a wasa 9. A 1995 kuma, sa'ad da Kasparov ke shirin karawa da Anand a New York, Kramnik na cikin mataimakansa, waɗanda ke kwana suna binciken dabarun buɗe wasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Kramnik kuwa ya kwana a ɗakin.

Duk da haka, ba kowa ne ya ba shi dama ba. Wasu ma suna ganin bai cancanci kujerar ba, domin a 1998 Alexei Shirov ya doke shi a karawar da aka shirya don fitar da wanda zai ƙalubalanci Kasparov. Rashin masu zuba kuɗi ne ya hana a yi wasan Shirov da Kasparov, daga baya kamfanin Braingames ya ajiye dala miliyan 2 ya gayyaci Kramnik. An tsara wasa 16, kuma idan aka tashi 8 da 8, kambun zai ci gaba da zama a hannun mai shi.

Me ya sa canjaras ke da daraja

A wasan ces, nasara maki 1 ce, canjaras rabin maki, faɗuwa kuwa babu komai. Ana tashi canjaras ta hanyoyi da dama: idan tsarin ƴaƴan ya maimaita kansa sau uku, ko aka yi motsi 50 ba a ci ɗa ba kuma ba a motsa soja ba, ko ƴaƴan da suka rage ba su isa kama sarki ba, ko wanda ya kamata ya motsa ya rasa inda doka ta yarda ya je alhali ba a yi wa sarkinsa barazana ba. Hanya mafi yawa tsakanin manyan ƴan wasa ita ce yarjejeniya: ɗaya ya yi tayi, ɗayan ya karɓa.

Sai dai ba duka canjaras ne ke da nauyi ɗaya ba. Mai fararen ƴaƴa shi ke fara motsi, wannan ɗan fifiko kuwa yana da tasiri, domin a wasannin ƙwararru farare na kwashe kusan kashi 55 cikin 100 na maki. Kamar ƙwallon ƙafa ne, da wasan gida da na waje. Wanda ya riƙe baƙaƙe ya tashi canjaras ya yi riba, wanda ya riƙe farare ya tashi canjaras ya zubar da dama. Kasparov kuwa da farare yake cin kasuwarsa. Yana zuwa da bincike mai zurfi da ya yi a gida tare da mataimaka da kwamfuta, ya jefa abokin karawa cikin hargitsi inda kuskure ɗaya ya isa a kama sarki. Tambayar da ke gaban Kramnik da mataimakansa, wato Joël Lautier na Faransa da Miguel Illescas na Sifaniya da Sergey Dolmatov na Rasha, ita ce: ta yaya za a tsira daga wasa takwas da Kasparov zai riƙe farare?

Motsi takwas na farko

Don a bi wasan, ya kamata a san cewa kowane gida a allon yana da suna. Layukan tsaye suna ɗauke da haruffa daga a zuwa h, na kwance kuma lambobi daga 1 zuwa 8. Kowane ɓangare yana da sarki da sarauniya, hasumiya biyu, doki biyu, sojoji takwas, da ƴaƴa biyu masu tafiya a karkace, waɗanda Faransawa ke kira fou, Larabawa da Rashawa kuma ke kiransu giwa.

Kasparov ya buɗe da tura sojan gaban sarki zuwa e4. Kramnik ya tare shi da nasa sojan a e5. Dokin Kasparov ya fito f3, na Kramnik ya fito c6, sai giwar Kasparov ta tafi b5. Wannan shi ne buɗin Sifaniya, wanda ake kira Ruy Lopez, sunan wani limamin coci ɗan ƙasar da ya yi bayaninsa a littafin da ya wallafa a 1561. A nan, abin da akasarin ƙwararru ke yi shi ne su tura soja a6 su tambayi giwar abin da ya kawo ta. Kramnik bai yi haka ba. Ya fito da dokinsa na biyu zuwa f6.

Wannan motsi shi ne kariyar Berlin, wadda ta samo suna daga gwanayen birnin Berlin na ƙarni na 19 da suka yi nazarinta. Ba sabuwa ba ce, tsohuwa ce da aka jingine. Kafin shekarar 2000, jefi-jefi ake ganinta a manyan gasanni, ana mata kallon hanyar wanda ya yarda ya sha wuya don ya tsira da kyar.

Kasparov ya ɓoye sarkinsa a kusurwa. Dokin Kramnik ya ci sojan e4. Kasparov ya tura soja d4, dokin ya ja baya zuwa d6 yana barazana ga giwa. Giwar ta ci dokin c6, sojan Kramnik na layin d ya rama. Kasparov ya ci sojan e5, dokin Kramnik ya koma f5. A motsi na 8, sarauniyar Kasparov ta sauko ta ci ta Kramnik a d8, sarkin Kramnik ya ci ta shi ma. Cikin ƴan mintoci, ƴaƴa biyu mafi ƙarfi a allon sun fita daga wasa.

Abin da ido ke gani da abin da ke ƙasa

Duk wanda ya koyi ƙa'idojin farko na wasan zai ce Kramnik ya shiga uku. Sarkinsa ya motsa, don haka ya rasa ikon ɓuya a kusurwa, yana tsaye a tsakiyar allo yana tare wa hasumiyoyinsa hanya. Sojojinsa biyu sun hau layi ɗaya, a c7 da c6, abin da ke nufin huɗun da yake da su a ɓangaren sarauniya ba za su iya keta ukun Kasparov ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Kasparov na da sojoji huɗu lafiyayyu a gaban uku. Idan aka ci gaba da musayar ƴaƴa har ya rage sarakuna da sojoji, lissafi ya nuna Kasparov na iya fitar da soja ɗaya ya kai ƙarshen allo ya zama sarauniya.

Amma akwai abubuwa uku da suka rage wa wannan fifiko kaifi. Na farko, babu sarauniya, saboda haka sarkin da ke tsakiya ba ya cikin haɗarin da ake zato. Makamin da Kasparov ya saba kai hari da shi ya bar allon. Na biyu, Kramnik na da giwa biyu, Kasparov na da ɗaya, kuma wadda ya bayar ita ce mai bin fararen gidaje. Na uku, sojan Kasparov ya yi gaba da yawa. Da a e4 yake, da ya tsare gidan f5. Da yake ya wuce e5, sai gidajen e6 da f5, waɗanda dukansu farare ne, suka zama mazaunin giwa da dokin Kramnik, ba kuma mai korarsu cikin sauƙi. Sojoji huɗun nan ba za su yi amfani ba sai sun taka waɗannan gidaje.

Sauran wasan ya tafi ne kan wannan batu. Kramnik ya ajiye giwa a d7, ya janye sarkinsa zuwa c8, ya buɗe masa ƙofa da soja a b6. Kasparov ya kai giwarsa b2, inda ta tsaya a bayan sojanta na e5 tana kallon ƙeyarsa. Kramnik ya tura sojan gefe daga h6 zuwa h5, daga baya zuwa h4, don ya hana sojan g na Kasparov tasowa ya taimaki ƴan uwansa. A ɗaya gefen ya sa sojoji a c5 da a5, Kasparov ya amsa da c4 da a4, ɓangaren ya kulle gaba ɗaya. Sarkin Kramnik ya leƙa b7 don hasumiyarsa ta samu hanyar zuwa e8, sannan ya dawo c8. Ɗaya hasumiyar ta fito ta gefe ta zauna a h5. A motsi na 24 Kasparov ya tura soja f4, alamar yana son ya fara tafiyar da aka daɗe ana jira. Dokin Kramnik ya ja baya zuwa e7, a motsi na 25 ya sauka a f5, daidai gaban sojan. Hanya ta toshe. A nan aka tsaya.

Kramnik bai kai hari ko sau ɗaya ba, bai kuma nemi ya ci wasan ba. Abin da ya samu shi ne ya zaunar da Kasparov a irin filin da ba ya so: babu wuta, babu hadaya, sai gyaran wuri a hankali da haƙuri. Masharhanta da dama sun kuma lura cewa kwamfutocin wancan zamani suna ba farare fifiko a wannan tsari ba tare da sun iya nuna hanyar da za a bi a ci ba, abin da ya rage amfanin binciken gida da Kasparov ya fi kowa ƙwarewa a kai.

Katanga ta tsaya

Kwana biyu bayan haka, Kramnik ya riƙe farare a wasa na 2, ya ragargaza kariyar Grünfeld da Kasparov ya dogara da ita, ya ci a motsi 40. Daga nan lissafi ya juya. Yanzu zakaran ne ke bin bashi, dole ya ci wasa, kuma da farare ya fi sa rai.

A wasa na 3 ya sake shiga Berlin, ya matsa har motsi 53, aka tashi canjaras. A wasa na 5 da na 7 ya kauce mata gaba ɗaya ya buɗe da sojan c4, bai samu komai ba. Na 7 ma a motsi 11 aka tashi, abin da ya ba masu kallo mamaki daga mutumin da ake bi maki. A wasa na 9 ya dawo Berlin, canjaras. A na 10 Kramnik ya sake cinsa, wannan karon a motsi 25 kacal. A na 13, lokacin da ya rage wasa huɗu ana binsa maki 2, Kasparov ya sake fuskantar Berlin, ya amince da canjaras bayan motsi 14. Ƴan jarida suka laƙaba wa dabarar suna Katangar Berlin, suna tuni da katangar da ta raba birnin gida biyu har zuwa 1989.

A ranar Alhamis 2 ga Nuwamba aka tashi canjaras a wasa na 15, Kramnik ya kai maki 8 da rabi, Kasparov na da 6 da rabi, ba a ma buƙaci wasa na 16 ba. Kramnik ya ci biyu, an yi kunnen doki 13, Kasparov bai ci ko ɗaya ba. Rabon da zakaran duniya ya rasa kambunsa ba tare da ya ci wasa ko ɗaya ba tun 1921, lokacin da José Raúl Capablanca ya doke Emanuel Lasker a birnin Havana.

Har yau ana muhawara kan dalilin da ya sa Kasparov ya yi ta komawa jikin katangar maimakon ya zagaye ta tun da wuri. Wasu na cewa taurin kai ne na wanda ya saba gaskiyarsa ce ke fitowa a kan allo: tunda ƙa'ida ta ce farare ne da fifiko, sai ya tabbatar. Wasu kuma na ganin Kramnik ya toshe sauran ƙofofin ne, tunda wasannin da Kasparov ya canza buɗi ma ba su haifar da komai ba. Ko wanne ne, ɗan hakin da aka raina shi ya tsone ido.

Abin da ya biyo baya

Kasparov ya fasa katangar daga baya. A gasar Astana ta ƙasar Kazakistan a 2001, a zagayen ƙarshe, ya doke Kramnik a cikin wannan kariya ta Berlin, ya kuma lashe gasar. Sai dai wasa ɗaya ne a gasa, ba karawar kambu ba. Ya nemi a sake haɗa su, hakan bai yiwu ba, har ya yi ritaya a watan Maris na 2005 yana kan matsayi na ɗaya a duniya amma babu rawani. Kramnik ya kare kambun a gaban Peter Leko na Hangari a 2004, sannan a 2006 ya doke Veselin Topalov na Bulgariya a Elista, aka haɗe kambun biyu wuri guda bayan shekara 13 a rabe.

Ita kuwa Berlin, daga kwandon tsofaffin kaya ta koma makamin kowane babban ɗan wasa. Magnus Carlsen na Nowe ya yi amfani da ita a Chennai a 2013 lokacin da ya karɓi kambun daga hannun Anand, shi ma Anand ya riƙe ta a gaban Carlsen a Sochi a 2014. Ta kai ga masu farare da yawa sun daina shiga musayar sarauniya, suna tura soja d3 a motsi na 4 don su kauce mata, wasu kuma sun koma tsohon buɗin Italiya, inda giwa ke zuwa c4 maimakon b5. Motsi ɗaya na doki ya canza yadda manya ke buɗe wasa sama da shekara 20.

Ba kowa ne ya ji daɗin hakan ba. Masu kallo da masu ɗaukar nauyin gasa sun daɗe suna kukan yawan canjaras, wasu na ɗora wa Berlin wani kaso na laifin. A 2005 gasar Sofiya ta Bulgariya ta kafa dokar hana ƴan wasa yi wa juna tayin canjaras kai tsaye. A 2018, a Landan ɗin dai, Carlsen da Fabiano Caruana na Amurka sun tashi kunnen doki a duka wasanni 12 na karawar kambu, sai a wasannin sauri aka raba gardama. Daga 2019 babbar gasar Nowe ta fito da tsarin cewa duk waɗanda suka tashi canjaras sai sun sake buga wasan gaggawa da dole a samu mai nasara.

Duk da wannan ƙorafi, wasan farko na Landan ya nuna cewa rabin maki na iya zama sakamakon aiki na watanni. Kramnik ya san ba zai fi Kasparov iya hargitsi ba, sai ya nemo wurin da ƙarfin Kasparov ba ya aiki, ya yarda ya zauna cikin matsi na sa'o'i, sarkinsa a fili, sojojinsa a karye, ba tare da ya firgita ba. Nasarori biyu ne suka ba shi kambun a takarda, amma canjaras huɗun da ya yi da Berlin su ne suka sa biyun suka isa.

Matasan da ke buga wasan a wayoyinsu ta manhajojin Lichess ko Chess.com za su iya samun wannan wasa cikin sauƙi a rumbunan wasanni. A kundin rarraba buɗe wasa, lambar wannan reshe na Berlin ita ce C67. Motsi 25 ne kawai, ana iya binsu cikin minti goma. Wanda ya kai ƙarshe, sai ya karɓi fararen ƴaƴa daga inda Kasparov ya tsaya, ya gwada neman hanyar da sojan f4 zai wuce dokin da ke zaune a f5.